Daga Kasuwar Nima Zuwa Dutsen Aburi: Yadda Muka Yi Cinikin Mota

Masu iya magana sun ce ba a cinikin biri a sama. Na ga gaskiyar wannan magana a watan Janairu na 2024, lokacin da kawuna ya sauka a gidanmu na Nima ɗauke da kuɗin da ya daɗe yana tarawa. Sana'arsa sayen hatsi ce a ƙauyukan Yendi, Bimbilla da Salaga, inda hanya kan zama taɓo da damina. Abin da yake nema shi ne jif mai jan ƙafa huɗu, wadda ba ta sha tafiya ba.

Ranar Laraba muka fita, watau ranar kasuwar Nima, lokacin da titi ke cushewa da buhunan gero, wake da albasa, masu turin baro suna ta neman hanya. Bayan mun sha koko da ƙosai, sai muka biya muka ɗauki wani tsohon makanike na Kokompe, wanda kowa ke kira Masta. Kawu ya so a tafi ba shi, don gudun kuɗin sallama. Daga baya shi da kansa ya gode Allah.

Wani dillali ya kai mu wani gareji da ke bayan gari, ya nuna mana jif ƙirar 2012 da aka sauke a tashar jirgin ruwa ta Tema daga Amurka. Fenti yana walƙiya, agogon tafiya kuma ya nuna 48,000. Dillali ya ce, "Alhaji, wannan ai amarya ce." Masta ya ce, "Alhaji, a yi lissafi tukuna. Motar Amurka da mil take ƙidaya, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, ka ga mun kai wajen 77,000 ke nan. Sa'an nan a can akan ɗauka mota tana cin kamar mil 12,000 a shekara. Wadda ta shekara goma sha biyu da wannan ɗan adadi, sai ta kawo shaida."

Shaidar kuwa a jikin motar ya nema. Robar birki ta suɗe har ƙarfe ya fito, fatar sitiyari ta yi santsi, kujerar direba ta lotsa. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasa, sai ga busasshen laka da tsatsa a ƙusoshin kujera, alamar motar ta taɓa kwana cikin ruwa. Mai karatu ya san cewa guguwar Harvey ta 2017 ta nutsar da dubban motoci a birnin Houston, kuma irin waɗannan motoci akan yi gwanjonsu a can, wasu su tsallako teku. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, wadda za a iya bincikawa a intanet a ga tarihin hatsari da abin da agogo ya nuna ranar gwanjo. Da muka nemi a ba mu lokaci mu duba, sai dillali ya ce akwai wani mai saye yana tafe. Muka yi masa sallama.

A kan hanyar dawowa muka ratsa Abossey Okai, babbar kasuwar kayan gyaran mota ta Ankara, kusa da Sabon Zongo. Nan Masta ya yi ta shiga shaguna yana tambayar kuɗin taya, batir, famfon mai da robobin ƙafa na motoci iri uku, yana rubutawa a bayan kwali. Ya ce motar da kayanta ba su cika a wannan kasuwa ba, ko kyauta aka ba ka ta yi tsada, domin ranar da ta tsaya maka a bayan Nkwanta babu mai ceto.

Washegari labari ya zo mana daga Maamobi. Wata Hajiya ta fita takaba, za a raba gado, akwai Pajero ta marigayi mijinta a ajiye cikin gida, ba nisa da babbar kwatar da ta raba Nima da Maamobi. Lambar motar ta ƙare da 11, watau a 2011 aka yi mata rajista, tun da daga 2009 ne aka fara sa shekara a ƙarshen lamba. Agogo ya nuna kilomita 90,000, babban ɗanta kuma ya fito da takardun kwastan, na hukumar DVLA, da rasit na canjin baƙin mai, duk sun yi daidai da agogon. Saboda kusancin kwata, Masta ya fara duba ƙarƙashin shimfiɗa, ya tarar fes.

To amma zama ma yana cin mota. A gefen kowace taya akwai alƙaluma huɗu, mako da shekarar da aka yi ta, nata sun nuna 1416, watau mako na 14 na 2016. Ga zane bai suɗe ba, amma roba ta tsattsage. Batir ya mutu, bel ya bushe. Muka ari batir, muka hau hanyar Madina da Adenta sannu a hankali, muka haura dutsen Aburi ta Ayi Mensah, Ankara tana shimfiɗe a ƙasa cikin hazon hunturu. Inji bai yi zafi ba, salansa ba ta yi hayaƙi ba. A wata hanyar burji Masta ya sa ƙaramar giya ta jan ƙafa huɗu, ta shiga ba ƙara, ta fita ba gardama.

Da yamma aka zauna a zaure. Ɗan Hajiya ya faɗi kuɗin da ya yi ƙasa ƙwarai da kasuwa, domin da farashin shekarun baya yake lissafi, alhali sidi ya faɗi warwas a 2022, masu shigo da mota kuwa da dala suke saye, kuɗin fito ma da ƙimar dala ake yanke shi. Na ga idon kawu ya yi haske. Masta ya dube shi ya ce, "Alhaji, dukiyar marayu ce."

Sai aka bi hanya. Aka ɗauki farashin motoci uku irinta, shekara ɗaya, inji ɗaya, aka tsaya a tsakiya. Aka ɗan ƙara saboda ƙarancin tafiya mai takarda, aka cire kuɗin taya, batir, bel da aikin makanike kamar yadda kwalin Abossey Okai ya nuna. Kawu ya taya, yaro ya ce albarka, aka ƙara kaɗan, Hajiya daga bayan labule ta ce, "Na sallama, Allah Ya sa alheri." Aka yanke cewa ba za a cika kuɗi ba sai an je DVLA da takardar magada an sauya suna.

Jama'a, agogon mota baki ne, yana iya faɗin gaskiya, yana iya yin ƙarya. Kafin ku miƙa guminku, ku nemi shaidarsa a takarda, a taya da ƙarƙashin shimfiɗa, ku kuma tafi da wanda ya san aiki. Kawu ya koma arewa ran Litinin da asuba, da buhunan wofi a bayan mota. Allah Ya ba mu na halal, amin.