Jan Kunne ga 'Yan'uwana Akawuna

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in faɗa wa 'yan'uwana akawuna da malamai abin da ya same ni a ranin bara, ko wani ya ji ya tsira. Abin kunya ne a gare ni, amma ɓoye shi ba zai amfani kowa ba.

Ofishin da na ke yi wa aiki ya tura ni in zaga ƙasar Rano da ta Kibiya, in ƙidaya rijiyoyi da famfunan burtsatse, in san mai aiki da wanda ya mutu, domin a shirya jerin waɗanda za a gyara. Baƙo ya iya cewa ina ruwanmu da ƙishirwa, ga madatsar Tiga da aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, tana nan kusa da Rurum. To, ruwan Tiga ba ya bin kowa gida. Ƙarƙashin ƙasarmu dutse ne, ba a samun ruwa sai inda ya tsage ko ya ruɓe, saboda haka in famfo guda ya mutu cikin watan Afrilu, mata da yara su ke biya da ƙafafunsu.

Kowane famfo na isa, sai in ɗauki matsayinsa da na'urar GPS, in rubuta lambobin a ɗan littafina tare da abin da mai unguwa ya faɗa mini. Da dare in zuba su cikin wata manhajar zana taswira da a ke kira QGIS, wadda a ke samu kyauta. Ita manhajar nan falle-falle ta ke jera taswira, kamar a ɗora takardu masu shara-shara bisa juna: fallen hanyoyi, fallen garuruwa, fallen rijiyoyi. Na yi wa Rano fallenta, na yi wa Kibiya nata.

Da na gama, na adana aikin, na kwashe fayil ɗin a filash, na hau mota sai Kano, ina jin kaina kamar wanda ya ci kasuwa. Aka buɗe a gaban maigidana. Sai ga sunayen fallayen duka a jere, amma taswira fari fat, ko ɗigo babu. Maigida ya dube ni ya ce, "Malam, ina rijiyoyin?" Na ce, "Ranka ya daɗe, jiya suna nan." Ya ba ni mako guda, gama ranar rufe jerin ta matso.

Na komo Rano na shiga bincike, kuma a nan na koyi abin da ya kamata in sani tun farko. Fayil ɗin da a ke kira fayil na aiki ba ya ɗauke da rijiya ko ɗaya. Abin da ke cikinsa shi ne sunan kowane falle, da launinsa, da kwatancen inda ya ke ajiye cikin kwamfuta. Watau kamar takardar da mai rasuwa ya bari ce, ya rubuta yana da gona a wuri kaza da rumbu a wuri kaza. Wanda ya ɗauki takardar ya tafi Kano bai tafi da hatsin ba. Ni kuwa takardar kaɗai na ɗauka.

Rijiyoyin Rano na same su lafiya a kwamfutar ofis. Amma har wa yau na kusa sake faɗawa rami, don irin fayil ɗin da na ajiye su a ciki ba ya tafiya shi kaɗai. 'Yan'uwa ne masu suna ɗaya, ƙarshen sunan ne ya bambanta: shp shi ke riƙe da ɗigogin, dbf shi ke riƙe da bayanin kowane ɗigo, shx shi ne jagoran da ke nuna inda kowanne ya ke, prj kuwa shi ke faɗin irin awon da aka yi taswirar da shi. Na farkon kaɗai na kwafa, na gwada a kwamfutar wani abokina, ya ƙi buɗewa, sai da na haɗa su duka.

Na Kibiya fa, nan ne gizo ke saƙa. Sunan fallen yana nan, layukan bayani suna nan, amma ciki wayam. Na buɗe fayil ɗin ajiya da manhajar ke bari da kanta, mai wata 'yar alama kamar igiyar ruwa a ƙarshen sunansa, shi ma wayam. Na duba kwandon shara na kwamfuta, babu. Daga baya na gane cewa fallen wucin gadi na buɗe ran da na fara Kibiya, don sauri. Irin wannan falle a ƙwaƙwalwar kwamfuta kawai ya ke zaune, ba a rubuta shi a faifai ba, da an rufe manhajar ya tafi ke nan. Kwanakin nan duka ban taɓa rufe ta ba, sai dai in kife murfin kwamfutar in kwanta. Ran da na rufe, ta yi mini gargaɗi da Turanci, ni kuwa na danna ba tare da na karanta ba. Laifina ne, ba na kowa ba.

A daren nan zuciya ta raya mini in cika taswirar da ka, wa zai sani? Amma na tuna malaminmu na lissafi a makarantar mishan, wanda ba ya karɓar amsa sai ya ga hanyar da aka bi aka same ta. Na tuna kuma ɗigon ƙarya guda na iya kai masu gyara inda famfo ke aiki, a bar inda ya mutu. Sai na ɗauko ɗan littafin nan da ƙura ta ɓata, na yi ta kwafa har asuba. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Sai dai littafin ma bai cika ba. A kwanakin ƙarshe, wajen Tarai, girman kai ya kama ni, na daina rubutawa, ina zubawa a kwamfuta kai tsaye. Na hau babur na koma, na sami waɗansu, lokaci ya ƙure kafin in kai ga wani ƙauye guda. Famfonsa bai shiga jerin ba. Da na je ba da haƙuri, mai unguwa ya ce, "Ba kome, Malam, haka Allah ya so." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi, don a kan hanyar komowa na wuce 'yan mata da jarkoki a ka suna nufar rafi.

To, jama'a, ga abin da na ke yi yanzu. Ina tara fallaye duka cikin fayil guda irin wanda a ke kira GeoPackage, wanda manhajar ta fifita tun fitowarta ta 2018, in ajiye shi jaka ɗaya da fayil na aiki, in kwashe jakar dungum. Ina da kwafi uku, ɗaya ba ya kwana a ofis. Ba na cewa na adana aiki sai na buɗe kwafin a wata kwamfuta dabam na gani da idona. Littafi da fensir kuwa ba sa rabuwa da aljihuna. Ina roƙon malaman da ke koya wa yara kwamfuta su riƙa tambayarsu: ina abin da ka rubuta ya ke zaune? Wanda bai iya nunawa ba, bai ajiye kome ba tukuna.

Allah ya sa mu gane, ya ba mu damina mai albarka, amin.

Naka,
Wani Akawu,
Rano.