Baltimore: Garin da Na Ga Naman Mamaciya Yana Girma

Wanda bai taɓa barin ƙasar Gobir ba, in na ce masa akwai inda hukuma ke mayar da agogo baya da awa guda, cewa zai yi tafiya ta koya mini ƙarya. To haka na tarar a Baltimore, wani birnin bakin ruwa a jihar Maryland ta Amurka. Lahadin farko ta Nuwamba wayoyi suka juya lokacinsu ba wanda ya taɓa su, ƙarfe biyar na yamma rana ta faɗi. Ka sallame La'asar, kafin ka gama shan shayi Magariba ta kawo kai. Sanyinsu kuwa ba ya zuwa da ƙura irin hunturunmu, jiƙaƙƙe ne, ta ƙashi yake shiga. Itatuwa sun yi ja, sun yi ruwan ɗorawa, ganye na zuba, ba akuya ko ɗaya da za ta ci.

Gidajen jan bulo ne a manne da juna, layi guda har iyakar ganinka, kowane da matakalar farin dutse a ƙofa, ba zaure ba katanga. Wata unguwar tsaf, ka sha kwana sai ka ga layin kangaye an toshe tagoginsu da katako. Kusan shida cikin goma na mutanen garin baƙaƙen fata ne, kuma ba sai an gaya maka a wace unguwa kangayen suka fi yawa ba.

Mai masaukina wata likita ce Bayarabiya, tashin Sakkwato, mai bincike kan cututtukan mata. Tana ganin tsagar fuskata ta fashe da dariya: "Bagobiri, wa ya bar maka kasuwar Sabon Birni ka tsallako ruwa?" Na buɗe baki zan rama da wasan da muka gada tsakaninmu da Yarbawa, na kira ta baiwata, ta yi wuf ta tare ni. "Malam, rufa mana asiri. Nan an yi cinikin mutane a bakin ruwan can, jikokinsu ne ke zaune kusa da kai." Na haɗiye wasana. Ta rama mini da ƙaguwa: aka shimfiɗa takarda a tebur, aka juye su jajaye, turɓune da yaji mai gishiri, aka miƙo mini 'yar guduma ta katako. Manyan mutane da kwat suna ta ƙwanƙwasa, aiki ya fi ci yawa. Naman fari ne, da ɗan zaƙi, amma na tashi ina tunanin tuwo.

Da yake aikina kula da littattafai ne, na fara da babban ɗakin karatun garin, Enoch Pratt, wanda aka buɗe a 1886. Ginin da ake ciki yanzu na 1933 ne, ƙofarsa daidai da titi, da manyan tagogin gilashi an jera littattafai yadda ɗan kasuwa ke jera haja. Ba mai tambayarka takardar makaranta. Ka ɗora littafi a kan wata na'ura, ta yi ƙara, ka tafi da shi gida. Tun 2018 ma sun daina cin tarar wanda ya makara wajen mayarwa. Na ga tsoho marar gida yana gyangyaɗi a kujera mai ɗumi, kusa da shi wata yarinya na aikin makaranta a kwamfuta, ba wanda ya kori wani.

Attajirin da ya kafa wurin ya yi sharaɗin na kowa ne, mai kuɗi da talaka, fari da baƙi. Karatu dai an bar kowa ya yi, amma aikin wurin sai farare. A 1943 wata malamar makaranta baƙar fata, Louise Kerr, ta nemi shiga ajin koyon aikin laburare, aka ƙi ta, kamar yadda aka ƙi baƙaƙe sama da ɗari biyu kafin ita. Ta kai ƙara, lauya Charles Hamilton Houston ya tsaya mata, a 1945 kotun ɗaukaka ƙara ta ba ta gaskiya. Shekara arba'in da takwas bayan haka, a 1993, wata baƙar fata, Carla Hayden, ta zama shugabar wurin gaba ɗaya. Da tarzoma ta ɓarke a 2015 bayan mutuwar Freddie Gray a hannun 'yan sanda, ta ƙi rufe rassan laburaren. A 2016 aka naɗa ta shugabar Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, mace ta farko kuma baƙar fata ta farko, ta riƙe har 2025. Duk da haka, masu bincike na cewa har yau mafi rinjayen ƙwararrun ma'aikatan laburare a ƙasar farare ne.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne har jera littattafai ana iya yi da son kai. A Jami'ar Howard da ke Washington, tafiyar kamar awa guda a jirgin ƙasa, aka ba ni labarin Dorothy Porter, wadda ta fara aiki a can a 1930. Ta tarar a ɗakunan karatu da yawa duk littafin da ya shafi baƙar fata lamba biyu kawai ake ba shi, 325 ta mulkin mallaka ko 326 ta bauta, ko da kuwa waƙoƙi ne. Da an kai musu rubuce-rubucen Nana Asma'u a zamanin, ka san inda za a cusa su. Ita ce ta warware, ta mayar da waƙa wajen waƙa, tarihi wajen tarihi.

Da na koma Baltimore, likita ta ja ni ɗakin gwaje-gwaje. Sai ka sa farar riga da safar hannu. Ta buɗe wani akwati mai kama da firji, sai dai shi ɗumi yake yi, daidai zafin jikin mutum. Ta fito da 'yar kwalbar roba shimfiɗaɗɗiya, da ruwa ja-ja a ciki, ta ɗora ƙarƙashin madubin likita ta ce in leƙa. Na ga ƙananan abubuwa manne da gindin kwalbar, gefe da gefe, kamar fasassun laka a fadamar Rima bayan ruwa ya janye. Nan da can wasu sun dunƙule suna sheƙi. "Waɗannan rabuwa za su yi," in ji ta. "Gobe war haka sun ninka."

Ƙwayoyin jikin Henrietta Lacks ne, uwar 'ya'ya biyar, baƙar fata, wadda ta je asibitin Johns Hopkins a farkon 1951 da zubar jini, aka gano sankarar bakin mahaifa. A lokacin ɗakunan kwanciyar baƙaƙe daban suke da na farare. Aka yanki ɗan nama daga ƙarin ba a nemi izininta ba, aka kai wa wani mai bincike, George Gey. Na kowa mutuwa yake yi a kwalba, nata ya ƙi. Ta rasu ran 4 ga Oktoba, 1951, tana da shekara 31, amma ƙwayoyin, da ake kira HeLa, suka bazu duniya. Da su aka gwada rigakafin shan inna, wanda muke gani ana bi gida-gida da zuriyarsa a Isa da Gatawa. Iyalinta ba su sani ba sai bayan shekara ashirin da 'yan kai. Na ce inna lillahi. Mu da muke gaggawar suturta mamaci kafin rana ta yi zafi, ga naman baiwar Allah ana aikawa da shi ta gidan waya.

A cikin ƙwayoyin nan aka ga ƙwayar cutar HPV 18, ɗaya daga biyun da Bajamushe Harald zur Hausen ya gano su ne ke haddasa yawancin wannan sankara, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2008. Ta saduwa ake ɗauka, takan yi shekara goma ko ashirin kafin ta zama kansa, shi ya sa gwaji ke kama ta da wuri. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta karrama Henrietta, a 2023 kamfanin Thermo Fisher ya sasanta da iyalinta. Bambancin kuwa bai ƙare ba: likita ta nuna mini alƙaluman da ke cewa baƙar mace a Amurka ta kusa ninka farar mace wajen mutuwa da kansar cikin mahaifa.

Nan na ga haɗin laburare da asibiti. Amurkawa sun yi zalunci, amma sun rubuta, sun adana, jikokin wanda aka zalunta suna iya zuwa su ce a fito da fayil. Mu ma muna da namu tabon: gwajin maganin Trovan da Pfizer ya yi wa yara kusan 200 a Kano lokacin sanƙarau na 1996, wanda ya taimaka wajen ƙin allurar shan inna a 2003. Sai dai matar da ke zubar jini bayan ta daina al'ada a ƙauyukanmu, kunya ke rufe mata baki, a ce ciwon mara ne, a bi jiƙe-jiƙe. Kafin a ratsa hanyar nan mai hatsari zuwa asibitin koyarwa na Sakkwato, abu ya ci jiki. An ƙiyasta a 2020 mata 12,000 suka kamu da sankarar bakin mahaifa a Nijeriya, 8,000 suka rasu, ban da waɗanda ba su shiga littafin kowa ba.

Tun Oktoban 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV kyauta, a 2024 ya kai sauran jihohi. Da na tambayi likita abin da zan gaya wa masu tsoron allura, ta gyara gilashinta ta ce: "Malam, kada ka ce su daina tambaya. Su tambaya har su gamsu, a rubuta musu sunan allurar da ranar a kati, su adana. Amma in sun gamsu su kai yaran. Kai kuma Bagobiri, ka fara da 'ya'yan gidanku kafin ka hau mumbari."