Takarda na aljihu, hannu ya manta

Mutumin ɗan Damagaram ne, injiniya, yana aiki a birnin Tulus na ƙasar Faransa, inda ake harhaɗa manyan jiragen Airbus. Babu abin da ya haɗa shi da waɗancan ƙattai. Jirgin da ya koyi tuƙi da shi ɗan ƙarami ne na wani kulob, ƙirar Robin DR400, mai kujera huɗu da inji guda. Da katako aka ƙera shi, fukafukansa kuma yadi aka lulluɓa musu. Baƙo in ya ƙwanƙwasa ya ji amo kamar na ganga, sai ya ja da baya.

Dokar Turai ta ce kafin a ba mutum permi na tuƙin ƙaramin jirgi sai ya yi aƙalla awa 45 a sama, 10 daga ciki shi kaɗai, har da tafiyar kilomita 270 da sauka a filaye biyu da ba nasu ba. Ya cika duk wannan, ya karɓi takarda, ya aika hotonta gida. Sai maiɗakinsa ta haihu, aka kuma rubuto cewa rufin ɗakin tsohuwa ya faɗa da damina. Awa guda a sama ta fi yuro 100, wato sama da jika 65 na sefa. Mai karatu ya san wanda zai ci tsakanin jirgi da ɗakin uwa. Wata 16 bai taka filin ba.

Abin da ya tashe shi alkawari ne. Wansa, alhaji ɗan kasuwa da ya biya masa kuɗin littattafai tun yana lakwal, zai zo Faransa sarin kaya, shi kuwa ya riga ya ce masa ta waya: "Yaya, in ka zo ni zan kai ka sama da hannuna." Alkawari kuwa kaya ne.

A takarda babu matsala. Iznin tuƙin jirgi mai inji guda shekara biyu yake yi, nasa bai mutu ba. Shaidar likita ma da sauranta. Sharaɗi guda ya rage: wanda zai ɗauki fasinja sai ya tashi ya sauka sau uku cikin kwana 90 da suka gabata. Ma'aikaci ne, ya saba da cewa in hatimi ya hau, magana ta ƙare. Ya ce a ransa awa guda tare da malamin tuƙi ta isa.

A ƙasa komai ya dawo masa kamar jiya. Ya zagaya jirgin, ya tsiyayo ɗan mai, shuɗin nan na jirage, ya ɗaga ga haske ko akwai ruwa a ƙasansa. Tashi ma bai ba shi wuya ba, domin jirgi in ya sami gudu da kansa yake son barin ƙasa. Wahalar tana wajen dawowa. A mita 300 bisa filin, ga magana da rediyo, ga duban wasu jirage, ga saukar da faifan fiffike, ga riƙe gudu wajen kilomita 120 a awa. Abubuwan da a da hannu ke yi ba tare da shawara ba, yanzu kowane sai ya bi layi a ƙwaƙwalwa. Cikin haka ya manta bai ja maɓallin ɗumama kafireto ba. Ƙaramin abu ne a ido, amma ko a ranar da ba sanyi, in iska na da laima, ƙanƙara kan taru a maƙogwaron inji har ta shaƙe shi. Malamin bai ce uffan ba, ya dai ɗora yatsa bisa maɓallin.

Saukar farko jirgin ya daki ƙasa ya yi tsalle kamar ɗan akuya. A ta biyu, iskar kudu maso gabas da mutanen yankin ke kira otan ta ture shi gefe, ya ga layin tsakiyar titi yana zamewa hagu. Abin da aka koya masa shi ne ya tura mai gaba ɗaya, ya sake tashi, ya kewayo. Amma ya tarar hannunsa na gardama, yana son a sauka ko ta halin ƙaƙa, don kada na ƙasa su ce ya kasa. Sai da malamin ya buɗe baki. Wannan ɗan jinkirin, da bai kai ƙiftawar ido uku ba, shi ya hana shi barci daren nan. Tsohon matuƙi mai awa dubu in ya huta, yana da rumbun da zai ɗiba. Shi da ƙyar ya haura awa 50; abin bai gama zama a jiki ba aka ajiye shi.

Duk da haka sauka uku ta cika, malamin ya sa hannu a littafi. Bisa doka, ko gobe yana iya ɗaukar wansa.

Ranar Asabar Alhaji ya zo filin da babbar riga da sabuwar hula. Ƙanen ya durƙusa kusa da shi a gindin shinge, ya ce: "Yaya, ka gafarce ni. Takarda ta yarda, amma ni ban yarda da hannuna ba tukuna. Ka ba ni awa biyar ko shida da malam. In ka dawo da bazara sai mu tashi." Alhaji ya daɗe yana kallon jirgin. Mutum ne da ya sha sallamar direba saboda gudu a hanyar Maraɗi zuwa Ƙonni. Ya tambayi nawa awa shidan za ta ci, aka faɗa masa, ya yi salati, ya lissafa da yatsu zuwa sefa. Sannan ya gyara zama bisa bencin kulob, ya ce: "To tashi ka je ka fara ta ɗaya, ina nan ina kallo."