Hayaƙin Taba da Ƙofar Ɗaki

A garuruwanmu kunya ce ke tsare mai shan taba. Saurayi ba ya kunna sigari a gaban mahaifinsa ko surukinsa, ko a zauren da dattawa ke hira. Zai sayi kara ɗaya wurin mai tebur ya laɓe a lungu, in babba ya ɓullo sai ya dunƙule ta a tafin hannu. Najeriya na da dokar taba tun 2015, wadda ta hana sha a wuraren taruwar jama'a, ta kuma hana sayar da kara ɗai-ɗai, amma har gobe mai tebur na cinikinsa.

A nan Amurka hukuma ce ke wannan aiki, galibi majalisun birane, kuma ba da wasa suke yi ba. A 2003 birnin New York ya hana shan taba a mashaya da gidajen abinci, a 2011 ya haɗa da wuraren shaƙatawa da bakin teku. Ban ga abin ƙorafi a kan gidajen abinci ba. Yarinyar da ke raba abinci neman halaliyarta ta fito, bai kamata ta yini tana shaƙar hayaƙin wasu ba.

Inda na fara jin nauyin abin shi ne lokacin da doka ta tsallaka dokin ƙofa. A 2007 garin Belmont na jihar Kaliforniya ya hana mutum shan taba a cikin ɗakinsa, muddin a bene yake zaune da maƙwabta a sama ko a ƙasa. Wasu tsofaffi ne suka kai kuka, suka ce hayaƙi na biyo bututun iska ya same su har kan gado. Kukansu gaskiya ne, wanda ya taɓa zama da mai ciwon asma ya sani. To amma wa dokar ta kama? Mai hali da ke da gidansa shi kaɗai, da fili gaba da baya, babu ruwanta da shi. Ɗan haya ta kama. Daga 2018 kuma gwamnatin tarayya ta shimfiɗa irin wannan hani a gidajen da take bai wa masu ƙaramin ƙarfi: ba a sha a ciki, ba a sha a waje sai an yi nisan ƙafa 25 daga ginin. Tsohon da ya shekara arba'in yana sha, ga ciwon gwiwa, sai ya sauko cikin ƙanƙara da dare, in kuwa ya yi ta karya ƙa'ida yana iya rasa matsugunin. Kuma ba ɗan sanda ne ke gano shi ba, maƙwabcinsa ne zai kai ƙara ofis, mutumin da a garuruwanmu da sai ya yi sallama su yi magana, in ta ƙi a je wurin mai unguwa.

Duk da haka ba zan wanke tsarinmu ba. Kunyar nan manya take karewa. Magidancin da ba zai iya kunna sigari a gaban wansa ba, shi ne zai rufe ɗaki ɗaya da matarsa da jariri ya busa son ransa, kuma babu wanda zai tanka masa, don an ce gidansa ne.