Baƙuwar da Ta Zama 'Yar'uwa

A watan Oktoba 2014, da Boko Haram suka kama Mubi, 'yan gudun hijira suka kwararo Yola. Ekklesiyarmu ta buɗe masu azuzuwan makarantar Lahadi. Zumuntar mata suka ɗora tukwane, matasa suna ɗebo ruwa, kowane gida ya kawo masara da tabarma.

Mu muka karɓi wata gwauruwa da 'ya'yanta uku. Tuwo kaɗan takan ci. Abin da ta fi bukata shi ne wanda zai zauna ya ji labarinta. Da ta shiga ƙungiyar mawaƙa, sai fuskarta ta sake. Yau 'ya'yana Goggo suke kiranta.

'Yan'uwa, Ubangijinmu ma ya yi gudun hijira zuwa Masar. Baƙon da ke unguwarku, kun san sunansa?