Tamale: Tsohon CG a Layin Gwaji

Wanda ya taso daga Kumasi ya nufi arewa, ya bar Taciman da Kintampo a baya, ya ƙetare gadar Buipe sannan ta Yapei, zai ga daji yana raguwa, itatuwan kaɗanya suna ƙaruwa, babura kuma suna fin motoci yawa a kan titi. Kafin ka kai tsakiyar Tamale ka riga ka gane gari ne na masu ƙafa biyu. Malamin makaranta a babur, ma'aikaciyar asibiti a babur, uwa da goyo a baya da kwandon tumatir a gaba ita ma a babur. An ware wa kekuna da babura gefensu a manyan titunan garin. In ka tsaya da la'asar ƙarƙashin gadar saman da aka buɗe a 2022, za ka ga sababbin babura 'yan Caina da 'yan Indiya suna ta wucewa, ga Keke Napep da 'yan garin suke kira yalo-yalo, ga masu ƙafa uku na dakon kaya. Jefi-jefi kuma sai wani tsohon Honda CG ya gifta, fentinsa ya koɗe, ƙararsa a kwance.

Waken suya da gyaɗa na zo saya a hunturun bana, na sauka gidan kawuna a zango. Shi sana'arsa bin kasuwannin ƙauye, ya tara hatsi ya kawo Aboabo. Kasuwannin ƙasar Dagomba bayan kwana shida-shida suke ci, yau Savelugu, wata rana Kumbungu, wata rana Tolon, don haka wanda kasuwa ta wuce shi sai ya jira ta zagayo. Kakanninmu fataken goro da jakuna suka ratsa ƙasar nan zuwa Salaga. Jakin Kawu shi ne CG 125 ɗin da ya saya na hannu tun kafin a haifi autarsa, wadda yanzu take ɗakin mijinta.

Na iske takardar lafiyar babur ɗin saura kwana uku ta ƙare. A Gana hukumar DVLA, wadda aka kafa a 1999, ita ke yi wa abin hawa rajista, ita ke ba da lasisin tuƙi, ita ke ba da takardar shaidar cewa abin hawa ya cancanci hawa titi. Kowa a nan rodiwodi yake ce mata. Abin hawa na gida shekara-shekara ake sabunta masa, na haya duk wata shida. Gaskiya babura da yawa a Tamale suna yawo ba lamba ba takarda, kowa yana gani. Na ce wa Kawu to shi me ya dame shi?

Ya ce, "Ɗana, ɗan gari in an kama babur ɗinsa, kafin azahar 'yan uwansa sun cika ofis. Ni baƙo, takardata ce 'yar uwata. A riƙe mini shi ranar kasuwar Savelugu, kuɗin mutane yana aljihuna, wa zan gaya wa?"

Maganar nan kowane ɗan kasuwa da ke zaune a ƙasar wasu ya san ta. Kuɗin sabunta takarda kaɗan ne in aka gwada shi da kasuwa guda da ta kuɓuce.

Abin da ya sa CG ya yi suna ba ɓoyayye ba ne. A 1974 kamfanin Honda ya tura ma'aikatansa su zaga ƙasashe irin su Tailan, Indunusiya, Filifin, Iran da Pakistan, su ga yadda talakawa suke amfani da babur. Suka tarar ana ɗora mutum uku ko huɗu a kan guda, ana barin baƙin mai har ya yi kauri, matatar iska ta toshe da ƙura ba mai waiwayarta. Ƙananan injinan Honda na lokacin a can saman inji suke da ƙarfen da ke buɗe bawul, kuma shi ne yake fara cinyewa in mai ya lalace. Sai suka sauko da ƙarfen ƙasa, kusa da inda mai yake kwanciya, suka sa sanduna biyu suna tura bawul daga can. Matatar iska kuma suka yi ta da soso, a wanke a mayar. A 1975 CG 125 ya fito, inji mai cc 124. A 1976 aka fara ƙera shi a Manaus ta ƙasar Birazil, a Pakistan kuwa har yau kamfanin Atlas Honda yana yin sa. Daga baya masana'antun Caina suka kwaikwayi injin, shi ya sa babura da yawa da ke cika kasuwanninmu, har da wasu masu ƙafa uku na dakon kaya, in ka buɗe cikinsu jikokin CG ne. Amfanin wannan ga mai tsohon CG shi ne kusan duk garin da ya lalace masa zai sami kayan gyara da wanda ya iya ɗaurawa.

Kwana ɗaya kafin gwaji muka kai shi Lamashegu, unguwar garejoji, wurin wani dattijon bakanike. A Gana fita suke ce wa bakanike, yaransa kuma Masta suke kiransa, haka Kawu ma yake ce masa. Badagombe ne, amma Hausar zango a bakinsa kamar ruwa. Kawu ya buga kik sau ɗaya babur ya tashi, ya dube ni yana murmushi. Masta ko kallon injin bai yi ba. Ya ce a kashe.

"Alhaji, injin nan zai binne mu duka. Amma ba inji za su duba gobe ba."

Ya ɗora babur a kan tsayuwar tsakiya, ya sa yaro ya danne baya har tayar gaba ta tashi. Ya kama kan babur ya juya dama da hagu a hankali, yana jin ko boris ɗin wuya yana sarƙewa a tsakiya. Ya riƙe tayar baya da hannu biyu ya girgiza ta gefe da gefe, ya ce in ta yi wasa, ko boris ne ko bushin hannun da ke riƙe tayar. Ya ɗauki sufana yana ƙwanƙwasa wayoyin wili ɗaya bayan ɗaya. Mai ƙarfi ƙara take yi siririya, wadda ta saki kuwa sai ka ji ta dushe. Ya sami uku sun saki ya ɗaure.

Da ya zo birki ya daɗe. Tsohon CG birkin ganga ne gaba da baya, na gaba da waya, na baya da sandar ƙarfe. Irin wannan birki ba ya mutuwa rana ɗaya, a hankali yake raguwa, mai babur yana ƙara matse noti yana sabawa, har ranar da noti ya kai ƙarshe akuya ta shigo titi. Ya kwance na baya ya nuna mana: fatar birkin ta kusa kai ƙarfe, ganga cike da jar ƙura. Aka aika yaro ya sayo sabo.

Sai fitilu. Ya ce CG na farko-farko wutarsu bolt 6 ce, fitilarsu kamar aci-balbal, na baya ne suka zo da bolt 12. Na Kawu mai 12 ne, amma fitilar birki ba ta kamawa in an taka na ƙafa. Ɗan makunnin da ke ƙarƙashi ne tsatsa ta ci. Tirafiketa ta hagu ma sai an taɓa ta, wayar ce ta saki. Hon yana yi. Madubi ɗaya ne kawai, ɗayan ya karye tun bara, aka sayo aka ɗaura.

Daga ƙarshe ya durƙusa ya goge gefen taya da tsumma, ya nuna mini lambobi huɗu a cikin wani ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi tayar. Ya ce taya tana iya kasancewa da zanenta amma ta tsufa, rana ta busar da ita ta tsattsage a gefe. Ta gaban Kawu haka take. Kawu ya yi ƙorafin kuɗi, Masta ya ce, "Alhaji, taya ɗaya ko ƙafa ɗaya, zaɓi wanda ya fi araha." Duk abin da aka kashe ranar, in ka cire tayar, bai kai kuɗin buhun masara guda ba.

Washegari da sassafe muka je wurin gwaji. Tun daga bakin ƙofa akwai samari masu tarar mutane suna cewa a ba su takardu su gama komai cikin minti kaɗan. 'Yan Gana "goro boys" suke kiransu, goron nan dai namu na Hausa. Hukumar da kanta ta sha yin gargaɗi a kansu, don ta hannunsu takardun jabu suke fitowa. Kawu ya gaishe su ya wuce. Ya biya kuɗi a inda ake biya, ya karɓi rasit, muka shiga layi.

Gaban mu wani saurayi ne da babur da bai fi shekara biyu ba, fenti yana walƙiya. Ma'aikacin ya ce ya taka birki, fitilar baya shiru. Madubai duka biyu an cire, wai sun ɓata wa babur kyau. An huda salansa don ƙara. Aka ce ya je ya gyara ya dawo. Da aka zo kan Kawu, ma'aikacin ya karɓi takardu, ya sunkuya ya karanta lambar shasi a wuyan babur, ya haɗa da ta takarda. Ya sa a kunna fitila babba da ƙarama, tirafiketa dama da hagu, hon, birki gaba da baya. Ya duba tayoyi. Ya ce wani abu da Dagbanci, mutanen layi suka yi dariya, Kawu ya fassara mini: wai babur ɗin ya girme shi, kuma ya fi shi lafiya.

Sai dai ba kowane tsohon CG ne ya fita da dariya ranar ba. Akwai wani bawan Allah, mai sayar da buhunan leda a kasuwa, shi ma baƙo irinmu. Nasa babur ɗin komai yana aiki, amma lambar da ke jikin ƙarfe daban, ta takarda daban. A hannun wani ya saya, shi kuma wancan ya taɓa yin haɗari, aka canja firam da na wani babur, ba a je an gyara takarda ba. Wanda ya sayar masa ya bar gari. Yanzu aikinsa ya wuce na rodiwodi, sai ya nemo hujjar cewa babur ɗin ba na sata ba ne. Wannan ita ce illar tsohon babur da kayansa suke ko'ina: cikin shekara talatin an canja inji, an canja tanki, wani lokaci har firam, sunan Honda ne kawai ya rage a gefen tanki.

Ranar kasuwar Savelugu na hau bayan Kawu, tafiyar kimanin kilomita 25 a kan titin Bolgatanga. Hazo ya rufe gabas, tireloli masu zuwa Paga da Burkina Faso suna wuce mu iskarsu tana kaɗa babur. A shingen 'yan sanda Kawu ya zaro leda daga aljihun gaba: lasisi, inshora, takardar rajista, sabuwar rodiwodi. Ko minti biyu ba mu yi ba. Hular kwano kuwa mu biyu duka muna da ita. Dokar hanya ta 2012 ta wajabta ta ga direba da wanda aka goya, ko da yake a Tamale za ka ga hular rataye a hannun babur kan mai shi a buɗe.

A hanyar dawowa na ga abin da takarda ba ta iya dubawa. Wani CG ya wuce mu da buhu uku, biyu a baya ɗaya a kan tanki, direban yana leƙen hanya ta gefe. Injin yana ja, don an yi shi ya ja. Birkin ganga da siririyar taya kuwa ba a yi su don tsayar da wannan nauyi ba. Kawu ya ce shi buhu ɗaya yake ɗauka, sauran ya ba mai ƙafa uku ya biya kuɗin dako. Juriyar injin CG ita ce take ruɗin masu shi. Tunda kullum yana tashi da kik ɗaya, sai mutum ya ɗauka sauran jikin ma haka yake.

Ga wanda yake shirin sayen irinsa na hannu, a Tamale ne ko a wani gari, ka fara da lambar shasi da ta inji kafin ka ji ƙararsa. Ka haɗa su da takarda harafi bayan harafi, kuma ku je tare da mai sayarwa a mayar da sunan ya zama naka kafin ka cika kuɗi. Bayan haka ka kai wa bakaniken da ba shi ya kawo maka cinikin ba, ya duba birki, wuya, wili da taya. Inji shi ne na ƙarshe, don shi ya fi sauƙin samun magani.

Matan gida ma da nasu hannun a ciki. Matar Kawu ce take rubuta ranar ƙarewar inshora da ta rodiwodi a jikin kalandar ɗakinta, ita ce kuma duk Juma'a da dare take sa jikansu ya tsaya bayan babur ya faɗa mata ko fitilar birki ta kama. Ta ce mini tunda ita ce mai zaman jiran dawowarsa daga kasuwa bayan magariba, ita ta fi kowa haƙƙin tambaya.