Sitidiyon Ɗakin Samari a Mando

A zamanin iyayenmu, mawaƙin da ke son muryarsa ta wuce filin biki ko ƙofar fada dole ne ya je wurin masu na'ura. A Arewa kuwa masu na'ura ba su da yawa: gidan rediyon Kaduna da gwamnatin Sardauna ta buɗe a 1962, sai kamfanonin faifan garmaho irin su EMI. Shata ya kwaso makaɗan kalangu da 'yan amshi, Ɗanƙwairo ya zo da 'yan kotsonsa, a cika mota, a zauna zaman jiran ma'aikaci ya ɗaga hannu a fara. Mutum ɗaya ya yi tuntuɓen harshe, sai a koma farko. Wanda garinsu ya yi nisa, ko bai da mai yi masa hanya, waƙarsa takan bi shi kabari.

Nan Mando, waƙa kayan matafiya ce a lokacin. Unguwa ce ta bakin hanya: daga shataletale ka miƙe Birnin Gwari da Legas, ko ka bi ta Kawo ka kama hanyar Zariya da Kano. Ga sansanin alhazai, ga barikin sojan sama, ga filin jirgi can gaba. A tasha masu kaset ke jera hajarsu a tebur da baro, lasifika na ta ɓaɓatu, direban da zai kwana a hanya ya sayi Shata da Haruna Uji, ya haɗa da na wa'azi guda saboda asuba. Duk abin da kunne ke ji, daga wani gari aka kawo shi. Ba wanda ya kawo a ransa cewa wata rana waƙa za ta fito daga lungunan da ke bayan tashar.

Fiyano ce ta fara rage jama'a. Wajen ƙarshen shekarun 1990 sitidiyo irin na Iyan-Tama a Kano suka shigo da Yamaha, na'ura ɗaya mai ganga da sarewa da goge a cikinta, yatsun mutum ɗaya suka maye gurbin makaɗa goma. Da fim ɗin Sangaya ya fito waƙarsa ta game gari, sai kowane saurayi mai zaƙin murya ya fara jin shi ma zai iya. Amma har a lokacin ƙofa na da masu tsaronta. Sai ka tara kuɗin sitidiyo, ka bi layi, kuma ko ka gama, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ne za su ce waƙarka za ta shiga kasuwa ko a'a. Yawanci ma sai ta raɓu da fim kafin a kalle ta.

Abin da ya ɓalle ƙofar gaba ɗaya tsohuwar kwamfuta ce ta gwanjo, da wata manhaja da wani kamfanin Beljiyam ya fitar a ƙarshen shekarun 1990 mai suna FruityLoops, wadda aka mayar FL Studio a 2003. Ba na jin akwai yaron da ya saye ta da kuɗinsa a unguwar nan. A faifan sidi take yawo daga hannu zuwa hannu. Allonta ƙananan akwatuna ne a jere. Ka danna wannan ganga ta buga, ka danna wancan tafi ya shigo, su yi ta zagayawa har ka ce ya isa. Yaron da bai taɓa rataya kalangu ba sai ga shi ya haɗa kiɗa kafin la'asar.

Duk wanda ya leƙa irin ɗakunan nan ba zai manta da su ba. Ɗakin samari ne na ƙofar gida, katifa ɗaya a ƙasa, wata a jingine da taga don ta tare hayaniyar titi. Bango an manne shi da kwalin ƙwai, wai yana shanye amo. Kaɗan yake shanyewa, amma yana sa baƙo ya ji ya shigo sitidiyo, wannan ma aiki ne. Makirfo irin na wa'azi ko na biki, an lanƙwasa wayar rataye kaya an sa mata safa a gabansa don kada iskar baki ta buge shi. Mai waƙa ya tsaya a kusurwa, wani lokaci a lulluɓa masa bargo, a cikin zafin Maris, fanka a kashe domin ƙararta na shiga. Ya fito sharkaf da gumi, mai haɗa kiɗa ya ce, “Ɗan'uwa, sake, ka shigo da wuri.”

Mando kuma ba wurin shiru ba ce. Tirela na gurnani a titi, jirgin sojan sama na atisaye, mai ruwa na buga kurarsa, akuyar maƙwabta ba ta san ana ɗauka ba. Shi ya sa aikin ya koma na dare, bayan isha'i zuwa kiran assalatu. In an ɗauke wuta a tsakiyar baiti ba a adana ba, aikin dare ya tafi. Masu ɗan hali su ja ƙaramin janareta can ƙarshen lungu da doguwar waya, duk da haka in ka kasa kunne a waƙoƙin wancan lokaci za ka ji gunjinsa a ƙarƙashin kiɗa. Sai kuma uwa ta ƙwanƙwasa ƙofa: “Kai, wai ba za ku bar mutane su yi barci ba? Babanku fa ya farka.” A amsa, “Yi haƙuri Umma, saura kaɗan.” Wannan kaɗan ɗin kan kai asuba.

Da a ce sai an koma wurin 'yan kasuwa, da duk wahalar nan ta tashi a banza. Sai aka yi dace wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, bayan 'yan shekaru wayoyi masu Bluetooth da memori suka cika hannun mutane. A bakin tasha, inda mai kaset yake a da, wani yaro ya zauna da kwamfuta ƙarƙashin lema yana tura waƙa a memori. Sabon mawaƙi ya kai masa tasa kyauta, har da roƙo, don a cusa ta cikin na manya. Fasinja ya tafi da ita Kontagora ko Ikko bai ma san sunan mai ita ba. Ƙarfin wannan hanya ya fito fili bayan 2007, lokacin da hukumar tace fina-finai ta Kano ta matsa wa masu fim da mawaƙa, aka ɗaure Adam A. Zango kan faifansa Bahaushiya, aka kama Aminu Ala a 2009. Da yawa suka dawo da aikinsu Kaduna, waƙoƙin da aka hana kuwa suka ci gaba da tsalle daga waya zuwa waya, ba mai iya kama su. Ta irin wannan hanya kiɗan Abzinawan Nijar ya ƙetare teku: Mdou Moctar ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, da salon muryar na'ura irin ta waƙoƙin fim ɗin Hausa, wayoyi suka yaɗa shi cikin Sahara har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsince shi ya fitar a 2014.

Kaduna ta fitar da nata. Umar M. Shareef ɗan Rigasa ne, nan kusa da mu. DJ AB da Feezy da sauran Yaran North Side suka nuna cewa gambarar zamani da Hausar titin Kaduna na iya kai mutum har ya yi waƙa da Mr Eazi. Da Arewa24 ta buɗe a 2014 da shirye-shirye irin su Zafafa Goma, sai buri ya sauya: jin waƙa bai wadatar ba, sai an gan ta.

A nan aka sake cin karo da bango. Sauti ya yi arha, hoto bai yi ba. Bidiyo na son mai kyamara, da hayar mota, da kayan sawa, da 'yan rawa, da wurin da ba za a kore ku ba. Ga kuma abin da ya fi kuɗi nauyi, wato fuska. Yaro nawa ne mahaifinsa bai san yana waƙa ba? Yarinya nawa ce ke da muryar da za ta tsayar da biki, amma in fuskarta ta fito a talabijin maganar aurenta ta lalace? A ganina wannan ne ya kai wasu ga zane mai motsi, ba sha'awar kwaikwayon Turawa ba. A Ingila Damon Albarn da Jamie Hewlett sun ƙirƙiro Gorillaz a 1998, ƙungiyar mawaƙa ta katun zalla, amma su zaɓi suka yi, suna da kuɗi suna da suna. Namu talauci da kunya ne suka zaunar da su gaban allo. Mutumin katun ba ya neman kuɗin mota, ba ya makara, kuma ba wanda zai kai ƙararsa wurin kawunsa. Ko shi ma bai tsira gaba ɗaya ba, don akwai malaman da ba su yarda da zana mai rai ba.

Kada mai karatu ya ɗauka sauƙi ne. Kafin ido ya yarda zane na motsi, masu sana'ar kan yi hoto 12 a kowace daƙiƙa. Waƙar minti 3 ke nan na cin hoto 2,160. Wa zai zana wannan da linzamin kwamfuta, wuta na zuwa tana tafiya? Sai aka koma dabara. A manhajar Flash a zana mutum sau ɗaya, a yanka shi gaɓa-gaɓa, baki daban, ido daban, hannu daban, a riƙa juya su. Bango ɗaya ya yi waƙa sukutum. Tafiya ita ce mafi wuya, shi ya sa mutanen waɗannan bidiyoyi kullum a tsaye suke ko a cikin mota. Gaskiya yawancinsu ba su da kyau: baki na motsi bayan kalma ta wuce, hula na shawagi a saman kai. Amma a cikinsu ne na fara ganin katun sanye da zanna bukar da atamfa, a gaban mai shayi, bayan mun tashi muna kallon Voltron da Tom and Jerry a NTA.

Abin da ke ba ni takaici shi ne kaɗan daga cikin masu wannan aiki suka san suna da uba a sana'ar, kuma ba a nesa ba. Moustapha Alassane, ɗan Nijar da aka haifa a 1942, makanike ne kafin ya haɗu da mai shirya fim Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ga aikin gwanin zane mai motsi Norman McLaren. A 1965 ya yi La Mort de Gandji, a 1966 ya yi Bon Voyage Sim, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki da fareti da jiniya. Minti biyar ne kacal, zanen layi ne baƙi a kan fari, amma habaicin da ke ciki har yau bai tsufa ba. Daga baya ya koma Tawa, a ƙasar Adar, ya ci gaba da aiki da 'yan tsana da kwamfuta a wurinsa. Kayan aikinsa na farko ba su kai wayar da ke aljihun ɗan sakandare a yau ba. Abin da ya fi mu da shi shi ne yana da abin faɗa kafin ya ɗauki alƙalami.

Haka ma a ɓangaren sauti. Waƙar mutum ɗaya ba sabuwa ba ce a wurinmu. Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa kaɗai ya zagaya duniya. Sai dai shi a gaban jama'a ya goge, in baiti bai zauna ba a fuskokinsu zai gani. Yaron ɗaki ba shi da ɗan amshin da zai harare shi, ba shi da tsohon makaɗin da zai ce masa ya kauce. Auto-Tune, da ta fito a 1997 don gyara ɗan karkacewar murya, mu muka mayar da ita bargo, har ta kai ka ji mawaƙa biyar ka rantse mutum ɗaya ne. Alassane ya rasu a watan Maris na 2015, Ɗanmaraya ya bi shi a watan Yuni na shekarar.

Yanzu ɗakin ma ya shige cikin waya. Ana ɗaukar murya a BandLab, a zana a FlipaClip, a haɗa a CapCut, a ɗora a TikTok da YouTube da Audiomack kafin a tashi daga majalisa, ga kuma ƙirƙirarriyar basira da ke zana maka mutum daga jimla ɗaya. Wanda ya ga yadda Jaruma ta Hamisu Breaker ta mamaye wayoyi lokacin kullen 2020 ya san ba a ƙara jiran izinin kowa.

Sai dai waƙoƙin Shata na nan, domin gidan rediyo da kamfani sun ajiye, masu kaset sun kwafa. Na yaran ɗakunan Mando na shekarun Bluetooth kuwa, yawancinsu sun tafi tare da kwamfutar da ta ƙone da memorin da aka goge don a zuba hotunan biki. Masu su wasu sun zama 'yan kasuwa, wasu na aikin gwamnati, wasu ba sa ma son a tuna musu. Don Allah duk mai tsohon memori ko tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin gado, kafin ya miƙa wa 'yan gwangwan, ya sa a kwafe abin da ke ciki, ya rubuta sunan mai waƙar, da na wanda ya haɗa kiɗan, da na wanda ya yi zanen.